Wasan da Bai Shigo ta Ƙofar 'Yandaka ba

A shekarar 1903, bayan Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa, Gwamna Lugga ya iso Katsina ya shigo ta Ƙofar 'Yandaka. Ba a gwabza yaƙi ba. Sarki Abubakar ya karɓe shi, kuma daga ranar al'amuran birnin suka ɗauki wata hanya. Masu tarihi sun yi ta rubutu a kan haraji da kotuna da karatun boko, amma ba su cika tsayawa a kan wasannin da suka biyo sawun sojan ba, alhali kowanne da irin tarbar da aka yi masa. Folo ya samu masauki a fada. Kurket da ƙwallon bango suka sauka a makaranta. Ƙwallon ƙafa ta zo ta kwashe unguwanni kaf, ba ta bar lungu ba. Guda ɗaya ne bai samu gindin zama ba, shi ne zari-ruga, wasan da a yau wasu 'ya'yan Najeriya ke ci da shi, suke sha da shi, a Ingila da Faransa da Italiya.

Labarin folo kowane Bakatsine ya san shi. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, ya je Makka da Ingila a 1921, kuma a shekarun nan ne ya ɗora 'ya'yansa da fadawansa a kan ƙwallon dawaki. Ɗansa Usman Nagogo, da ya gaje shi a 1944, ya kai matakin gwaninta na 7, abin da har yau ake ba da labari a duk inda 'yan folon Najeriya suka taru. Janar Hassan Usman Katsina ya ɗauka, Sarki Muhammadu Kabir Usman ya ɗauka. Filin Folo na nan ta wajen Ƙofar 'Yandaka, har unguwar da ta tsiro a gefensa ta ari sunansa.

Duk wanda ya leƙa filin da la'asar a lokacin gasa zai ga cewa rabin wasan ba a kan sirdi ake yin sa ba. Yaran barga ne durƙushe suna naɗe ƙafafun dawaki da bandeji, wani na kitse wutsiya yana ɗaure ta don kada sanda ta sarƙe, wani na zagayawa da dokin da ya fito jiƙe da gumi har ya huce. Cikin irin waɗannan yara ne wasu suka koyi riƙon sanda, suka gwanance, har masu kuɗi suka riƙa ɗaukar su haya su buga musu. Ke nan folo, duk da tsadarsa, ya buɗe wa ɗan talaka wata 'yar ƙofa, saboda akwai mai gida a sama da ke biyan kuɗin dusa da harawa.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ta raini sauran. A can Ahmadu Bello ya kamu da son ƙwallon bango, wadda ake bugawa da tafin hannu a fili mai bango uku, bai kuma rabu da ita ba har ya zama Firimiyan Arewa. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta zauna a Zariya ta zama Kwalejin Barewa, amma wasan ya zauna a Katsina ya yi jijiya.

To me ya hana zari-ruga?

Na farko lissafi ne. Folo mahaya 8 yake buƙata, ƙwallon bango mutum 4. Zari-ruga sai an tara ƙarti 30, wato 15 a kowane ɓangare, su yi minti 80 suna gwara ƙashi. Barikin Katsina na zamanin Razdan da Di'o bai taɓa tara Turawa masu jini a jika da yawan haka ba, shi ya sa wasan ya tsaya a kulob-kulob na manyan garuruwa irin Legas da Kaduna da Jos da Kano, inda ma'aikatan kamfanoni suke da yawa. Na biyu ƙasa ce. Wasa ne da ake kayar da mutum da gudu, kuma faɗuwa a kan ciyawa mai laushi daban take da faɗuwa a kan fako da tsakuwa a watan Maris. Na uku kuwa, wanda ya fi sauran nauyi, al'ada ce. A kan doki ɗan sarki yana nan da martabarsa ko an ci shi. A zari-ruga dole wani ya rungumo cinyoyinsa ya maka shi da ƙasa a gaban jama'a, ya kuma tashi ya kakkaɓe ba tare da ya ce uffan ba. A ƙasar Hausa an daɗe da raba wannan aiki: kokawa ta manoma ce bayan kaka, dambe na mahauta ne, sarauta kuwa kallo take yi tana ba da kyauta. Babu sarkin da zai tura yarima a tumurmusa shi, kuma wasan da fada ba ta ɗauka ba, makaranta ba ta koyar ba, sai ya tsaya a bakin ganuwa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ƙa'idar ba ta da wuya. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu. Ana gudu da ita a hannu, ana iya buga ta gaba da ƙafa, amma ba a miƙa wa abokin wasa ita da hannu sai ta baya ko ta gefe. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta a ƙasa ya ci maki 5, a ƙara masa 2 in an buga ta ta haye tsakanin dogayen turaku. In aka yi ƙaramin laifi, sai mutum 8 na nan su sarƙe kafaɗu, 8 na can su sarƙe, a sunkuya a haɗa kai, a jefa ƙwallon a tsakiya a yi ta turereniya. Daga kusa ana jin nishi da ƙarar takalma na tona ƙasa, kunnuwan na gaba kuwa sukan kumbura su murɗe saboda shekarun gugar da suka sha.

Akwai kuma ƙaramin nau'i na mutum 7, kuma asalinsa zai ba 'yan dambe dariya, don mahauci ne ya ƙirƙiro shi. A 1883, a garin Melrose na Sikotilan, kulob ɗin garin ya rasa kuɗi, sai wani yaron mahauta mai suna Ned Haig ya kawo shawarar a rage 'yan wasa da lokaci, yadda za a buga gasa guda a yini ɗaya a tara kuɗin ƙofa. Fili bai ragu ba, mutane ne suka ragu. Minti 7 a je hutu, minti 7 a tashi. Wanda ba shi da gudu da dogon numfashi ba ya kai labari.

A wannan nau'in ne wani haifaffen Legas ya fara ɗaga kofin duniya. Andrew Harriman, da aka haifa a 1964, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya buga wa kulob ɗin Harlequins na Landan a gefe. A wasan mutum 15 sau ɗaya tak ya saka rigar Ingila, a karawa da Ostireliya a 1988, daga nan masu zaɓe suka manta da shi. Shekara 5 bayan haka, a watan Afrilun 1993, aka shirya gasar duniya ta farko ta 'yan 7 a filin Murrayfield da ke Edinbara. Ingila ta tura matasan da ba wanda ya sa wa rai, ta ba Harriman kyaftin. A wasan ƙarshe suka doke Ostireliya da ci 21 da 17, kuma shi ya buɗe cin da gudun da ya bar masu tsaron baya suna kallon ƙeyarsa. A cikin tawagar akwai Adedayo Adebayo, ɗan Janar Adeyinka Adebayo wanda ya yi gwamnan Yamma a zamanin Gowon.

Abin lura shi ne, Harriman bai karɓi albashi a kan wannan ba. A lokacin dokar wasan ta haramta biyan ɗan wasa. Likita ne, lauya ne, soja ne, manomi ne, kowa ya tashi daga aiki ya je atisaye da yamma. Hukumomin wasan sun riƙe wannan aƙida da ƙarfi har ta raba gidan biyu a 1895, lokacin da kulob-kulob na ma'aikatan arewacin Ingila suka ɓalle saboda an hana su biyan leburan da ya rasa kuɗin yininsa don ya buga wasa. Ma'anar dokar a fili take, ko da ba a faɗa ba: wasan na masu abin hannu ne. Ba mamaki 'yan Najeriyar da suka yi suna a cikinsa a wancan zamani, irin su Victor Ubogu da Chris Oti da Steve Ojomoh, galibi ta makarantun kwana na Ingila suka bi.

A watan Agustan 1995, watanni kaɗan bayan Nelson Mandela ya miƙa wa Afirka ta Kudu kofin duniya a Johannasbag, hukumar wasan ta zauna a Faris ta ɗage haramcin. Kuɗin talabijin ne suka karya ƙofar. Daga nan zari-ruga ya zama sana'a, da kwantiragi da dillalai da likitoci da ma'aunin abinci.

In ana son ganin yadda rayuwar ɗan wasan wannan sabon zamani take, a dubi Marcus Watson, mai jinin Najeriya, wanda aka haifa a Ingila a 1991. Ya taso a makarantar horon London Irish, ya ratsa ta Saracens, bai samu gurbi na dindindin ba, sai ya koma tawagar Ingila ta 'yan 7. Wannan rayuwa ce ta jaka a kafaɗa: Dubai, Hong Kong, Afirka ta Kudu, Landan, wasa 5 ko 6 cikin kwana 2 ko 3, a hau jirgi da tsamin jiki a nufi wata nahiya. A 2015 ya dawo wasan mutum 15 a Newcastle. A 2016 aka kira shi tawagar Birtaniya zuwa Riyo, karon farko da 'yan 7 suka shiga Olamfik. Sun kai wasan ƙarshe, Fiji ta lallasa su 43 da 7, ya dawo da azurfa. A 2017 ya koma Wasps, a 2022 ya tsallaka Benetton ta Italiya. Ƙaninsa Anthony ya fi shi suna, ya buga wa Ingila wasan ƙarshe na kofin duniya a 2019, amma raunuka suka yi ta cin sa har ya ajiye takalmi yana ɗan shekara 30.

Tafiyar Marcus daga Wasps ta zo a kan gaɓa. A watan Oktoban 2022 kulob ɗin, wanda ya taɓa cin kofin Turai sau 2, ya durƙushe saboda bashi, aka sallami 'yan wasa da ma'aikata 167 a rana ɗaya. Worcester ta riga shi faɗuwa da 'yan makonni, London Irish ta bi su a 2023. Kafin nan, a 2020, annobar korona ta sa hukumar Ingila ta soke kwantiragin 'yan 7 ɗinta maza da mata, saura shekara guda a je Olamfik ɗin Tokiyo. Mai ganin su a talabijin zai ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Gaskiyar ita ce albashin shekara na fitaccen ɗan zari-ruga bai kai abin da wasu taurarin Firimiya ke ɗauka a wata ba, sana'ar kuma da wuya ta wuce shekara 12 zuwa 15.

Sai kuma abin da jiki ke biya. Da aka fara biyan kuɗi, 'yan wasa suka ƙara nauyi da gudu, karon ya ƙara muni. Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya bayyana a 2020, yana ɗan shekara 42, cewa likitoci sun same shi da ciwon mantuwa, kuma ba ya tuna wasannin gasar da ya ci. Ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun shigar da ƙara a kan raunin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya san tsofaffin 'yan damben da hannu ke rawa, harshe ya yi nauyi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Duk da haka ba za a ce kuɗin ba su yi rana ba, domin su suka shigo da waɗanda tsohuwar doka ta bari a waje. Siya Kolisi ya tashi a unguwar talakawa ta Zwide, wani lokaci ba abin da zai ci, ya zama baƙar fata na farko da ya yi kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023. Abokin wasansa Cheslin Kolbe, wanda aka sha cewa ya yi ƙanƙanta, ya fara da tagulla a wasan 'yan 7 a Riyo, ya tafi Tulus a Faransa, ya ci kofin duniya sau 2, ya wuce Japan. Fiji, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, zinaren 2016 shi ne lambarta ta farko a tarihin Olamfik, har ta buga takardar kuɗi ta dala 7 don tunawa. Kenya ta doke Fiji ɗin nan 30 da 7 a Singafo a 2016, ɗan wasanta Collins Injera kuma ya taɓa riƙe kambun wanda ya fi kowa dangwala ƙwallo a gasar zagayen duniya. Amma ko a can ba a rabu da Bukar ba: a 2018, a Faris, 'yan wasan Kenya sun rufe tambarin mai ɗaukar nauyinsu da ke kan riga saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe.

Wanda ya fi kowa ɗaukaka cikin masu jinin Najeriya shi ne Maro Itoje. An haife shi a Landan a 1994, ya yi Harrow, ya karanci siyasa a jami'a, ya fara buga wa Ingila a 2016. A 2025 ya zama kyaftin ɗin ƙasar, a shekarar kuma ya jagoranci haɗakar Birtaniya da Ayalan zuwa Ostireliya suka ci 2 cikin wasa 3. Yana zuwa Najeriya, ya kafa gidauniyar tallafa wa karatun yara. Sai dai hanyar da ya bi ita ce dai ta Harriman: makaranta mai fili da ciyawa da koci da motar kai yara wasa. Shekara 30 na sana'a ba su canza wannan ba. Najeriya na haifar jikin, wata ƙasa na ƙera ɗan wasan.

A Ƙofar 'Yandaka ta yau, inda motocin Batsari ke lodi, 'yan acaɓa da masu Keke Napep na rububin fasinja, hanyar da yaro ya sani ta ƙwallon ƙafa ce. Ya ga Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Holan a 2010, ya wuce Mosko, ya wuce Leicester. Ya san filin wasa na Muhammadu Dikko, ya san Katsina United. Da magariba ta wuce, gidan kallo ya tayar da janareta, an rubuta wasannin dare da alli a jikin allo, benci ya cika. Tashoshin da ke kawo Firimiya na kamfanin Afirka ta Kudu ne, don haka wani lokaci mai riƙe da rimot yakan faɗa kan zari-ruga bisa kuskure. Sai a ga ƙarti sun cure wuri guda, a yi shewa, wani daga baya ya ɗaga murya: "Malam, canza mana, mu ba dambe muka biya ba!" Daƙiƙa kaɗan ke nan, kuma ga yawancinsu iyakar sanin da suka yi wa wasan ke nan.

Amma a Kano, tafiyar awa 2 zuwa 3 a mota, ana buga shi da gaske. Kulob ɗin Barewa ya daɗe yana tara yaran makarantu da na unguwa, maza da mata, yana karawa da takwarorinsa na Kaduna da Zariya da Jos, kuma ya ba tawagar ƙasa, wadda ake kira Black Stallions, 'yan wasa. Sukan fara yara da nau'in da ba a kayarwa, taɓawa kawai ake yi, wanda ya warware matsalar fako. Sun nuna cewa maganar wai Bahaushe ba zai so wasan ba ba ta da tushe. Yaron da ya taso yana langa a dandali, yana kallon yadda Issaka Issaka na Doso ya riƙa ɗauke takobin kokawar Nijar shekara bayan shekara, ya riga ya san yadda ake shiga ƙarƙashin mutum a raba shi da ƙasa. Abin da ya rage a koya masa miƙa ƙwallo baya ne.

In da mai shawara zai ba Katsina shawara, nau'in 'yan 7 ne ya dace da ita. Mutum 14 sun isa wasa, mota ɗaya ta isa tawaga, gasa ta ƙare a yini guda, sirantaka da gudu kuma sun fi ƙiba amfani. Makarantun kwana na jihar suna da filaye, kuma su ne suka raini ƙwallon bango tun zamanin Kwaleji. Abin da babu shi ne wanda zai yi wa wasan abin da Dikko ya yi wa folo, ya ɗauki nauyinsa shekara da shekaru ba don ribar bana ba.

Ko an samu, a faɗa wa yaron gaskiya tun wuri. A Najeriya zari-ruga bai zama sana'ar da ke riƙe gida ba. Ɗan wasan Kano da aka kira sansanin ƙasa zai tarar da samarin da aka ɗauko daga ƙananan kulob-kulob na Ingila suna neman gurbi ɗaya da shi, in an gama gasa kuma ya koma shagonsa ko ajinsa ko barikinsa. Najeriya ba ta taɓa zuwa kofin duniya na mutum 15 ba, ba ta taɓa zuwa Olamfik a na 'yan 7 ba. A Faris a 2024, inda Faransa ta ci zinare a kan Fiji da 28 da 7, Kenya da Afirka ta Kudu ne suka wakilci nahiyar a ɓangaren maza, kuma su ne dai za a fara ƙetarewa kafin a yi zancen Los Anjalas a 2028.